Allurar da Ta Yi wa Mai Moussa Ƙarya

Vénissieux, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Gwaggo Ramatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba Mai Moussa da Mardiya da dukan mutanen Bobigny. Ina kasuwa, ina sanyi? Allah ya sa mu ji alheri, amin.

Gwaggo, kada ki yi mamakin ganin takarda daga wurina a wannan zamani na waya. Na san in na aiko da saƙon murya, a falo za ki buɗe shi da ƙarfi yadda kika saba, Baba yana zaune. Shi ya sa na rubuto, na kuma aiko ta adireshin shagonki na Château Rouge. Maganar motarsa ce, Giwa.

Tun da aka sa ranar aurena da Mardiya nake neman abin da zan kyautata wa Baba da shi. Mardiya ta ce mini abu ɗaya yake kuka da shi: tsohuwar motarsa ta Amurka, wadda ya saya hannun wani jakada lokacin da yake tuƙi a ambasad, in ta hau otorut, babbar hanyar nan ta gudu, injinta ya dinga kururuwa ke nan, ga shan mai. Sai na ce a kawo ta garejinmu. Na sauke pon na baya gaba ɗaya, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya biyu, na sa mata wani da na samo daga wata mota irinta. Bambancinsu a haƙoran ciki yake. Da tsohon, sai doguwar sandar da ke ƙarƙashin mota ta juya sau uku da rabi kafin taya ta juya sau ɗaya. Da sabon kuwa, ba ta ma kai sau uku. Inji ya yi aiki kaɗan, mota ta ci hanya da yawa.

Sai dai aikin bai ƙare ba. Allurar da ke nuna gudu ba tayoyi take ƙirgawa ba, juyin sandar nan take ƙirgawa, kuma ita ba ta san an canza pon ba. Akwai wani ɗan piniyon na roba, bai fi kan babban yatsa ba, da ake sawa a gindin akwatin giya don allura ta koma faɗin gaskiya. Na aika a sayo mini shi daga Amurka, bai iso ba.

Ranar Juma'a Baba ya zo nan Lyon da amininsa Alhaji Ilya don su ga gidan da na kama a unguwar Minguettes. Suka biyo ta gareji. Giwa na tsaye, na wanke ta fes. Baba ya zagaya ta, ya shafa ta, sannan ya miƙo hannu. Gwaggo, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Na ce, "Baba, da sauran ɗan aiki." Ban ma tabbata muryata ta fito ba. Alhaji Ilya ya yi dariya ya ce, "Ɗan aiki ka ƙarasa bayan biki, ango." Na miƙa makulli da hannu biyu. Ta yaya zan ɗaga ido in dubi surukina in ce masa kada ya ɗauki motarsa?

Don Allah ki faɗa masa allurar tana nuna ƙasa da gudun da yake yi, ya ajiye motar har piniyon ya zo. Ke ƙanwarsa ce, daga bakinki zai fi daɗin ji.

Ki huta lafiya. Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Chaibou


Château Rouge, 8 ga Nuwamba

Chaibou ɗana,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ina aiki, ina shirin angwanci? Takardarka ta zo, na karanta ta tsakanin mai sayen shadda da mai neman ragi a kan atamfa, na yi ta dariya har Kausar mai kitso ta leƙo daga shagonta ta ce ko lafiya. Kai, Chaibou! Haƙora, sanda, piniyon! Ni da ko keke ban iya ba ka zauna kana yi mini lakkal kamar 'yar makaranta.

To kwantar da hankalinka, Giwa lafiyarta ƙalau. Ranar nan da suka taso daga wurinka bayan masallaci, ni ina cewa sai bayan isha'i za mu gan su. Wallahi ko tukunya ban ɗora ba, ana shirin magariba, sai na ji hon ɗinta a ƙasa. Yaya ya shigo yana murmushi, abin da ba kasafai ake gani ba. Ya ce bai wuce ɗari da goma ba ko sau ɗaya. Ka dai san shi, shekara talatin da biyar yana tuƙa jakadu, ba a taɓa ba shi takardar tara ba, kuma ba ya bari a manta. Ya ce Faransawa sun zama matsorata, kowa yana rarrafe a hannun dama, shi ko sai wuce su yake yi. Ya ce wata fitila ta haska a gefen hanya sau biyu, amma ta wanda ke kusa da shi ce. Game da aikinka kuma, kada ranka ya ɓaci, ya ce kukan injin na nan yadda yake, bai ga abin da ka canza ba, amma Allah ya yi maka albarka da ƙoƙari.

Saƙonka na isar. To, ba dai kai tsaye ba. Ni ma ai yayana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ban taɓa sa baki a tuƙinsa ba. Na faɗa wa Alhaji Ilya, shi kuma ya faɗa masa a ƙofar masallaci cewa yaron ya ce allura na son ɗan gyara in an samu hali. Yaya ya ce madalla, bayan biki.

Yanzu ga albishir, kuma ina jiran goro. Yaya ya yanke magana: a cikin Giwa za a kawo maka amarya, kuma shi da kansa zai tuƙa. Na ce, "Haba Yaya, a ina ka taɓa ganin uba ya kai 'yarsa ɗakin miji? Wannan ai aikinmu ne." Ya ce ranar nan shi ba uba ba ne, direba ne. Ya kai amaren gidajen jakadu ba adadi da farar safar hannu, tasa 'yar ba za ta shiga motar haya ba. Zai tsaya a ƙofar bene, ba zai hau ba. Sannan ya ce a kujerar bayan nan ya ɗauko Mardiya daga asibiti, tana hannun mahaifiyarta, marigayiya Fatsima. Da ya ambaci Fatsima sai na bar maganar.

Ka ci abinci, kada amarya ta zo ta tarar da ƙashi. Ka gaida mutanen Lyon.

Gwaggonka,
Ramatou


Vénissieux, 13 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce.

Abin da kika ba ni labarinsa da dariya, shi ne ainihin abin da nake tsoro. Ba hanya ce ta gajarce ba, Gwaggo. Ni na ce "ɗan aiki", ke kika rage, Alhaji ya ƙara ragewa, kafin maganar ta isa kunnen Baba ba sauran komi a cikinta. To ga ta yadda take. In allura tana kan ɗari da goma, Giwa ta haura ɗari da arba'in. Fitilar nan da ta haska sau biyu ta radar ce, mai ɗaukar hoton wanda ya wuce ƙa'idar gudu, kuma shi ta haska.

Kuma kunnensa ba zai taimake shi ba. Baba direba ne mai sauraron inji, amma kukan injin da allura wuri ɗaya suke sha. In allura ta ce ɗari da goma, injin yana yin irin kukan da ya saba yi a ɗari da goma tun shekara da shekaru. Ido ya ce masa daidai, kunne ya ce masa daidai. Shi ya sa ya ce ban canza komi ba. Da allura na faɗin gaskiya, da ya ji yadda motar ta yi shiru.

Giwa ta kai tan biyu. Birkinta na zamanin da ne, ba a yi shi don ya tsayar da wannan nauyi a wannan gudu ba. Sabon pon ɗin kuma irin wanda ke kama tayoyin baya biyu su juya tare ne. A busasshiyar kwalta abin daɗi ne. A jiƙaƙƙiya, in aka matsa mata ba zato, gindin motar ke fara fita daga hanya. Ranar farko Allah ya kiyaye, rana ake yi. Bikinmu ƙarshen Nuwamba ne, kin san ruwan wannan lokaci. Kafin a shigo Lyon akwai dogon gangare da ke sauka zuwa ramin da ya ratsa dutsen Fourvière, a nan motoci ke tsayawa cak a gaban mutum. Ina bin wurin kullum in zan je ɗauko kaya.

Piniyon ya iso jiya. Ga shi nan cikin ambulan, kore ne, na naɗe shi a tsumma. Ƙusa ɗaya ake kwancewa, a zare tsohon a sa wannan. Kowane makanike zai iya. Baba ma da kansa zai iya, ya fi ni sanin ƙarƙashin motar nan. Na roƙe ki don girman Allah, ki faɗa masa da bakinki, da lambobin yadda na rubuta su, kada ki sassauta ko kalma ɗaya.

Na faɗa wa Mardiya a waya. Na ce in bai yarda ba ta ƙi shiga.

Ɗanki,
Chaibou


Château Rouge, 19 ga Nuwamba

Chaibou,

Salamu alaikum, ina gajiya. Yau ba dariya.

Na faɗa masa. Na jira ya gama cin abinci, na durƙusa, na ajiye ɗan koren abin nan a gabansa, na faɗi lambobinka ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauka, ya juya shi a yatsunsa, ya ce, "Wannan robar ce ta fi ni sanin gudu?" Na ce, "Yaya, ba tuƙinka ake zargi ba, allura ce." Ya ce allurar nan ta kai shugabanni filin jirgi ba ta yi ƙarya ba, sai yau da wani yaro ya taɓa motar. Sannan ya samo zare ya ɗaure piniyon ɗin a jikin makullinsa, ya ce zai yi kyau a nan. Ya ce, "In yaron yana da magana a kan tuƙina, ya zo ya faɗa mini da bakinsa." Ya san ba za ka iya ba, shi ya sa ya faɗa. Tun ranar bai ƙara cin tuwona ba, burodi yake saye.

Na yi tunanin kawo makanike a ɓoye. Motar tana kulle a ɗakinta na parkin, makullin yana aljihunsa, da shi yake kwana. Na yi fatan takardun radar su iso su yi mana magana, ashe takardar motar har yau tsohon adireshinmu ke jikinta, can za su tafi.

Ga wanda ya fi tayar mini da hankali. Na tare Alhaji Ilya na ce ya gaya mini tsakani da Allah yadda tafiyar nan ta kasance. Ya sunkuyar da kai ya ce tun daga rabin hanya idonsa a rufe yake, carbi kawai yake ja. Na ce, "To me ya hana ka magana?" Ya ce, "Hajiya, a motar mutum kake, yana tuƙa ka, amininka ne na shekara arba'in." Jiya na ji ya sayi tikitin jirgin ƙasa na ranar kai amarya, wai ƙafarsa ba ta son dogon zama. Ka ji manya.

Ni dai zan shiga, a gaba zan zauna. Mardiya ta ba ni tata takardar in haɗa.

Ramatou


Chaibou,

Salam. C'est bizarre, wani iri nake ji in rubuto maka da biro, amma a waya in na fara maganar nan kuka ke zuwa.

Na gwada. Na ce masa zan buɗe wayata a hanya ta nuna mana gudun gaskiya. Ya ce a motarsa ba a riƙe waya, ko jakadu ma ajiyewa suke yi. Ranar kai amarya duk a but ɗin mota za a zuba su.

Ka ce in ƙi shiga. Ba zan iya ba, kuma ina so ka gane dalili. Ni 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, "ke" yake cewa, ko "yarinyar nan". Bai taɓa zama da ni mu yi hira ba, kunya ba ta barinsa. Shekaranjiya na sauka parkin da rana in kai masa shayi, na same shi a durƙushe yana goge kujerar baya da tsumma, yana magana shi kaɗai. Da Mama yake magana. Na ji ya ce, "Fatsima, zan kai Mardiya." Sunana, Chaibou, a bakinsa. Na ajiye shayin a ƙasa na koma sama da gudu.

Motar nan ita ce kaɗai bakin da yake da shi. In na ƙi ta, shi na ƙi a gaban jama'a. J'ai peur, wallahi ina jin tsoro, amma zan shiga.

Kowa ya yi masa magana ta bayan gida. Kai kaɗai ne ba ka yi ba, kuma kai ya kira.

Mardiya


Vénissieux, 24 ga Nuwamba

Zuwa ga Baba Mai Moussa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina durƙushe ina gaisuwa.

Baba, na san bai dace ɗa irina ya rubuto muku ba. A gidanmu ba a koya mini haka ba, kuma mahaifina in ya ji zai ji kunya. Kun ce in ina da magana in faɗa da bakina. In na tsaya a gabanku harshena ba zai motsa ba, na gwada kun gani. Don haka ga ta a rubuce, da hannuna.

Ba ni da magana a kan tuƙinku. Ba wanda ya isa. Maganata a kan aikina ce, wanda na bari kuka ɗauka bai ƙare ba. Allurar Giwa tana yi muku ƙarya, kuma ni na sa ta. In ta nuna muku ɗari da goma, kuna gudun sama da ɗari da arba'in. A wannan gudu, cikin ruwa, birkinta ba zai tsayar da ita ba, ko wane ne a kan sitiyari. Abin da ke rataye a makullinku shi zai mayar mata da gaskiyarta.

Ku sa shi, Baba, ko ku ba ni izini in zo in kwanta a ƙarƙashin motar in sa, ba sai kun gan ni ba. In kuma ba za a sa ba, kada Mardiya ta shiga motar nan. Na faɗa, Allah ya gafarta mini. In wannan rashin kunya ya sa kun fasa ba ni ita, na yarda. Gara ta zauna a Bobigny tana raye, ku ma kuna raye, ni ina nan ana cewa ba ni da tarbiyya.

Ku yafe mini.

Ɗanku,
Chaibou


Bobigny, Asabar da safe

Chaibou ɗana,

Salamu alaikum. A tsaye nake rubutu. Kausar za ta riga mu da jirgin ƙasa da kwanonin abinci, ita za ta miƙa maka wannan.

Takardarka ta iso masa. Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu. Jiya an ɗaura aure, wakilinka ya karɓa, Yaya bai fasa ba. Allah ya sa albarka.

Yau bayan asuba ya sauka parkin shi kaɗai, ya daɗe. Da ya hawo na ga baƙin mai a hannun rigarsa, amma ai kullum da safe yana duba mai. Koren abin nan ba ya jikin makulli, zaren kawai ya rage. Ko ya sa shi, ko ya jefar, ban sani ba. Na tambaye shi, ya ce in je in fito da amarya. Ya sa farar safar hannunsa.

An fara ruwa tun ɗazu, sama ta yi baƙi ta wajen kudu. Mardiya ta shiga baya, an lulluɓe ta. Da hantsi za mu tashi. In ya sa, sai wajen magariba za ku ji hon ɗinmu, da tsaye-tsayen salla da na ruwa. In kun ji shi tun la'asar ba ta yi ba, ka gode wa Allah, ka san abin da muka tsallake.

Ban taɓa roƙon ango irin wannan ba, ɗana. Ka shimfiɗa dardumarka, ka roƙi Allah mu makara.

Gwaggonka,
Ramatou